Baba, Me Ya Sa Ba Sa Bina?

Filin Tambaya da Amsa, tare da Baba Fasto mai ritaya

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan wata. Ɗaya daga wanda ke tsayawa a mumbari, ɗayar daga wadda ke zama a benci. Na cire sunaye da sunan garuruwa kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya tare da Mama. Ni fasto ne, shekaruna 31. Na gama seminari da digiri, gunduma ta turo ni wata ikilisiyar ƙauye, yau wata goma sha huɗu ke nan. Ranar Lahadi mukan kai mutum ɗari biyu, yawancinsu manoma. Da na zo na tarar da abubuwa a sukurkuce. Ba a fara sujada a kan lokaci, rufin majami'a yana yoyo, babu nazarin Littafi Mai Tsarki. Na mai da sujada ƙarfe takwas daidai, na sa nazari ranar Laraba da ƙarfe huɗu, na kafa kwamitin sabon gini. A taron dattawa kowa ya ce, "To, Fasto." Amma ranar Laraba mutum tara nake gani, kuɗin gini kuwa ko buhun siminti ashirin ba zai saya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani tsohon mai bishara da ke garin. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa kawai ya yi, ya daɗe da ajiye aiki, amma duk mai damuwa gidansa yake nufa, rikicin aure ne ko na iyakar gona. In ya ce a fito gayya, gari ya fito. Mako uku da suka wuce na yi wa'azi a kan Ibraniyawa 13:17, cewa a yi biyayya ga shugabanni. Tun ranar ko gaisuwa ta ragu. Baba, taurin kai ne da su, ko tsohon ne yake zuga su? In roƙi gunduma ta canja mini wuri?

Daga wani fasto matashi, kudancin Jihar Bauchi

AMSA

Ɗana, na karɓi gaisuwa, Mama ma tana amsawa. Sau uku na karanta wasiƙarka, domin kaina na gani a ciki. Kada ka nemi canji tukuna. Zancen zuga kuma ka fitar da shi daga ranka. Ban san tsohon nan ba, amma a duk abin da ka rubuta ban ga laifi ɗaya da ya yi maka ba, sai dai mutane suna zuwa gidansa.

Mu fara da "To, Fasto." Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san "to" iri-iri ce. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji, akwai kuma ta ba zan kunyata baƙo a gaban jama'a ba. Ta ukun dattawanka suka ba ka. Takardar gunduma ta sa sun miƙe in ka shigo, sun ba ka gidan fasto, sun bar maka mumbari. Iyakar ƙarfinta ke nan. Fitowa daga gona da ƙarfe huɗu, da sayar da akuya don siminti, wannan kuma mutum ake yi wa, mutumin da aka sani.

In tambaye ka, wa ka shawarta kafin ka zaɓi Laraba da ƙarfe huɗu? Da damina a wannan lokaci namiji yana duƙe a gona yana tsere da ciyawa, mace tana dawowa daga rijiya ko tana shirin ɗora tukunyar tuwo. Ka bincika ko Laraba ce kasuwar wani gari kusa da ku? Baƙo ko da idonsa makaho ne. Mutum taran nan da kake raina yawansu, mai yiwuwa kowannensu ya bar wani aiki ne don kada ka zauna kai kaɗai.

Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce aka tura ni ikilisiyata ta farko, wani ƙauye a gindin dutse, majami'ar laka da rufin ciyawa. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a itacen ɗorawa, wata gwauruwa ce take buga shi tun kafin in zo. Ba ta da agogo, inuwar bango take dubawa. Ni kuwa ina da agogon hannu. A watana na biyu na karɓe aikin daga hannunta na ba wani saurayi, na ce daga yau lokaci za mu bi. Ba wanda ya ce uffan. Ita ma ta ce, "To, Malam." Amma daga makon nan mata suka koma zama can bayan majami'a, waƙa ta yi sanyi, in na wuce bakin rijiya hira ta tsaya. Ban san ɗanta ne ya hau ɗorawar ya rataye ƙarfen ba, shekara guda kafin ya rasu. Ban sani ba domin ban tambaya ba, kuma ban taɓa shiga gidanta ba.

Wani dattijo ne ya cece ni. Wata asuba da damina ya tsaya a ƙofata da fartanya biyu, ya ce yau gayyar gonar matar nan ce, ko zan zo. Na bi shi. Rabona da noma tun ina yaro. Kafin hantsi hannuna ya yi bororo, ɗaya ya fashe, ƙotar fartanya ta jiƙe. Samari sun bar ni a baya da kunya uku. Da aka sauke kunu a gindin itace, ita da kanta ta kawo mini ƙwarya, ta kama hannuna ta juya shi ta duba, ba ta ce komai ba, ta yage bakin zanenta ta ɗaure mini. A nan na roƙe ta gafara a gaban kowa, na ce ranar Lahadi ta koma ga ƙarfenta. A hanyar gida dattijon ya ce mini, "Malam, yau ka sauka a garin nan." Watana takwas a garin a lokacin. Har yau in na ji ƙarar ƙarfe da safiyar Lahadi sai na tuna hannun matar nan.

Bayan wannan fa na fara fahimtar Yohanna sura 10. Ubangiji ya ce makiyayi yakan kira tumakinsa da sunansu, ya shige gaba, su bi shi domin sun san muryarsa, baƙo kuwa gudunsa za su yi. Mu a Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ka tsaya bakin burtali da yamma ka ga yaro ɗan Fulani, sandarsa a wuya, yana gaba, shanu hamsin suna biye. Kowace saniya ya san ta, ya san uwarta, ya san wadda ke ɗingishi. Kai ka je ka yi irin kiran da yake yi, ko ɗaga kai ba za su yi ba. Shi ne ya kwana da su cikin sauro, shi ne ya cire musu kaska. Tumakinka ba su ce kai mugu ba ne, ɗana. Muryarka ce har yanzu ba su gane ba. Muryar tsohon nan kuwa sun ji ta a bakin kabarin iyayensu, sun ji ta tsakar dare lokacin da haihuwa ta zo da gardama, sun ji ta ranar da ƙwari suka cinye dawa.

Kada kuma ka auna shi da takardarsa. Irinsa ne suka kafa ikilisiyar ƙasar nan. Turawan mishan sun zo, Allah ya saka musu. Walter Gowans da Thomas Kent sun iso a 1893 tare da Rowland Bingham, su biyun suka rasu a 1894, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Karl Kumm da abokansa sun sauka a Wase a 1904, su Stover Kulp suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Amma Turawan nan 'yan kaɗan ne. Wanda ya kai bishara ƙauye bayan ƙauye shi ne mai bishara ɗan ƙasa, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito cikakke a 1932, da fartanyarsa, da matarsa. Ya roƙi fili wurin mai gari, ya yi noma kamar kowa, da dare ya koya wa yara karatu da fitilar aci-balbal. Sun bi shi domin tuwonsu ɗaya, yunwarsu ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin da kake kallo kamar kishiya, shi ne mabuɗin garin da Allah ya ajiye maka.

Akwai kuma wani dalili da matasan fastoci ba su cika lura da shi ba, kuma ba laifinku ba ne. Jama'ar nan sun ga fastoci da yawa. Kowane ya zo da sabon shiri, ya yi 'yan shekaru, takardar canji ta zo ya ɗaure kaya. Ka zaga bayan majami'arku, ba mamaki ka tarar da tsohon harsashin gini da ciyawa ta rufe, ko tulin bulo da ruwa ya cinye. Wanda ya taɓa sayar da buhun gyaɗa don ginin da ba a gama ba, ba zai yi saurin sayar da na biyu ba. A zuciyarsu tambaya ɗaya suke yi: wannan zai zauna da mu? Yanzu in ka nemi canji bayan wata goma sha huɗu, ka ba su amsa, kuma ka ƙara wa wanda zai gaje ka wahala.

Wannan tambaya ta "zai zauna?" ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) a Kwarhi, dubban 'yan'uwa suka watse zuwa Yola, Jos, har Kamaru. A cikin gudun nan aka san makiyaya, waɗanda suka bi jama'arsu har inda suka fake suna tara su sujada a gindin itace. A Janairun 2020 'yan Boko Haram suka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika, suka kashe shi a cikin watan. Ubangiji ya faɗa a surar nan ta Yohanna cewa ɗan ƙodago yakan ga kyarkeci ya gudu. Jama'armu sun ga wannan aya da idonsu, saboda haka suna auna mu tun kafin kyarkeci ya zo, a kan ƙananan abubuwa: wa ya zo asibiti, wa ya kwana gidan makoki.

Yanzu wa'azinka a kan Ibraniyawa 13:17. Ayar gaskiya ce, amma ka karanta ta har ƙarshe. Dalilin biyayyar yana cikinta: shugabannin nan suna tsaron rayukan jama'a kamar waɗanda za su ba da lissafi. Aya ta 7 a surar kuma ta ce a dubi ƙarshen zamansu, a yi koyi da bangaskiyarsu. Sai an ga zaman mutum ake koyi da shi. Ka ɗauki rabin ayar da ya shafe su ka ɗora musu, ka bar rabin da ya shafe ka. Kuma kowa a majami'ar ya san da wa kake. Tsohon ma ya sani. Ka tuna Rehobowam a 1 Sarakuna 12. Dattawa suka ce masa in ya bauta wa jama'ar nan yau, ya ba su amsa mai daɗi, za su zama bayinsa har abada. Ya ƙi, ya bi shawarar sa'o'insa ya yi magana da kaushi, kabila goma suka juya masa baya. Ban ce kai shi ne ba, ina nuna maka inda hanyar take ɓullewa ne.

Nehemiya ya fi dacewa da kai, tun da shi ma gini ya je yi. Yana riƙe da takardun sarki, amma da ya isa Urushalima kwana uku ya yi bai faɗa wa kowa abin da ya kawo shi ba. Da dare ya fita ya zaga garun ya ga ɓarnar da idonsa. Da ya buɗe baki kuma, wahalar da "muke" ciki ya ce, ya sa kansa a ciki. Shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da aka keɓe wa gwamna ba, domin ya ga nauyin da ke kan talakawa, ga mutum 150 suna ci a teburinsa. Garun ya tashi cikin kwana 52.

Kada ka ɗauka ina cewa duk wanda jama'a suka ƙi bi shi ne mai laifi. A Yohanna 6:66 almajirai da yawa sun koma da baya sun bar Ubangiji kansa, domin maganarsa ta yi musu tsauri. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin addini na 1992, lokacin yana jagorantar matasa masu faɗa. Da ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa daga 1995 suka kama aikin sulhu, a cikin nasa mutanen aka sami masu yi masa kallon wanda ya ci amana. Kiran fansa yakan tara jama'a da sauri fiye da kiran gafara. Wata rana kai ma za ka faɗi gaskiya a kan giya, ko ƙabilanci a zaɓen dattawa, ko cin gonar marayu, benci ya ragu. A ranar ka tsaya, kada ka janye. Amma ka bambanta. Wanda aka ƙi saboda gicciye daban, wanda aka ƙi saboda ƙarfe huɗu na Laraba daban.

Ga abin da zan yi da ni ne. Gobe da safe, ba da rigar fasto ba, in ɗauki ɗan abin gaisuwa in je gidan tsohon, in zauna a tabarma ƙasa da shi, in ce, "Baba, na zo da gaggawa, na yi kuskure, ka koya mini garin nan." Durƙusa wa dattijo ba ya rage wa fasto komai. In roƙe shi ya zaga da ni gida gida, ko da gida uku ne a mako, har in san sunan kowane yaro da wanda ke kwance. In dakatar da zancen sabon gini, in tambayi dattawa da Zumuntar Mata abin da ya fi damunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila su ce a fara toshe rufin da ke akwai, wataƙila su ce rijiya. Nazari kuma su zaɓi lokacinsa da kansu, ko bayan tuwon dare ne, ko a bari sai an gama girbi. Digirinka ba zai lalace ba. Ranar da suka san muryarka, za su sha abin da ka koyo a seminari kamar ƙasar da ta ga ruwan fari. Ka sake rubuto mini bayan kaka, ina so in ji abin da tsohon ya ce.

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa. Ni ma'ajiyar Zumuntar Mata ce a ikilisiyarmu a birni. Shekara biyu ba a karanta mana rahoton kuɗi ba. Baikon godiya na bara fasto ne ya tafi da shi ofishinsa ba a ƙirga ba. Da wani dattijo ya yi tambaya, aka sa shi a horo, fasto ya hau mumbari ya ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Yanzu hannuna yana nauyi in zan ba da zakka, kuma ina jin tsoro ko zunubi nake yi. Tilas ne in bi shi a kan komai?

Daga wata uwa, Kaduna

AMSA

'Yata, sannu da haƙuri. Ki kwantar da hankalinki, tambayar inda kuɗin Allah ya shiga ba zunubi ba ce. Bakinki kaɗai na ji, saboda haka ba zan ce fastonku ya ci kuɗi ba, ke ma kada ki faɗa tun da ba ki gani ba. Amma hanyar da kika bayyana ba ta Littafi ba ce, ko da ko sisi bai ɓace ba.

A zamanin sarki Yowash, 2 Sarakuna 12, akwati aka huda aka ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Manzo Bulus, da yake tara gudummawa don 'yan'uwa na Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. Ya tafi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, ya ce yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. Yana nan a 2 Korintiyawa 8. In Bulus ya nemi shaidu, wane ne ni da zan ce na fi ƙarfin a tambaye ni? A duk shekarun aikina na roƙi dattawa kada su bar ni da kuɗin baiko ni kaɗai ko na minti ɗaya. Mutum uku ke ƙirgawa, su sa hannu, a karanta wa jama'a. Wannan kariya ce ga fasto kafin kowa.

Ayar shafaffe kuwa tana Zabura 105:15, kuma a can Allah yana gargaɗin sarakunan al'ummai ne kada su cuci su Ibrahim da zuriyarsu lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan. Ba a rubuta ta don rufe bakin dattijon da ya nemi rahoto ba. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Bitrus ɗin nan kuma shi ya rubuta wa dattawa cewa su yi kiwon garke ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna iko ba. Hausa ta ba mu suna mai kyau, "masu bi." Almasihu muke bi, fasto kuma muna binsa gwargwadon yadda yake bin Almasihu, kamar yadda Bulus ya faɗa game da kansa.

Kada ki kai maganar kasuwa ko WhatsApp, kada ki tara mata a bayan fage. Ki fara da naki littafin: a taronku na gaba ki karanta rahoton kuɗin Zumunta dalla-dalla, da rasit a hannu. Sa'an nan ke da shugabar mata ku sami dattawa biyu masu natsuwa, ku je wurin fasto da ladabi, ku roƙi a sa ranar karanta rahoto kamar yadda tsarin ikilisiyarku ya tanada, a kuma sake duba horon dattijon nan. In ya ƙi, ku rubuta wa gunduma takarda da sunayenku a ƙasa, ku ba shi kwafi. Dattijon da aka sa a horo kuma ki je ki gaishe shi da iyalinsa a wannan makon, na san mutane sun fara kauce wa ƙofarsa.